Ku Tambaya Mu Amsa: Wa ya fi ƙarfi a besbol ɗin Amurka kafin a fara kakar bana?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da wannan mako. Saƙonni da yawa da suka shigo kwanan nan akan besbol ne, kuma wallahi abin ya yi min daɗi, don wasa ne da na daɗe ina so mutanenmu su ba shi dama. Dalilin yawan tambayar dai shi ne Maris ya kama, kakar 2026 ta Major League Baseball (MLB), babbar gasar besbol ta Amurka, ta ƙarato, kowace kafar wasanni a Amurka ta fito da nata jerin ƙungiyoyi 30 ɗin tun daga mafi ƙarfi har zuwa kurar baya. Na tsamo waɗanda suka fi jan hankali, wanda bai ga nasa ba yayi haƙuri.

Don mu fahimci juna, in na ce mai jifa ina nufin wanda ke tsayawa tsakiyar fili yana wurga ƙwallo, mai duka kuma shi ne mai riƙe da gora. Wasa turmi 9 ne kamar yadda muke ƙirga turmi a dambe, maki kuma shi ne ɗan wasa ya zagaye sansanonin nan ya dawo gida. In aka doka ƙwallo ta tsallake katanga shi ne hom ran. A kowane turmi ƙungiya tana duka har sai an fitar mata da mutum uku, sannan ɗayar ta karɓi gora.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗan zangon Kumasi ne amma ina zaune a Bronx, gidanmu ba nisa da filin Yankees. Abokan aikina kullum musu suke akan wannan jerin, wannan yace an zalunci ƙungiyarsa wancan yace an yi daidai. Dan Allah ta yaya ake cewa wance ce ta ɗaya alhali ko wasa ɗaya ba a buga ba, kuma waye ke haɗa abin? — Ɗan'uwanku daga New York

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'a a wajen nema, a gaida mutanen Bronx. Jerin nan kala biyu ne kuma ya kamata ka riƙa rarrabewa. Akwai wanda 'yan jarida ke haɗawa, irin na ESPN ko na shafin MLB ɗin kansa, kowa ya jera nasa daga 1 zuwa 30 sai a tattara a fitar da guda, toh wannan ra'ayi ne na mutanen da suka san wasan amma dai 'yan adam ne, abin da idonsu ya gani a gasar ƙarshen kaka ta Oktoban bara shi ke musu yawo a ka. Sannan akwai na kwamfuta, kamar PECOTA na Baseball Prospectus da Nate Silver ya fito da shi a 2003, da ZiPS na Dan Szymborski da ake bugawa a FanGraphs. Su waɗannan ba ruwansu da sunan ƙungiya ko yawan kofunanta, ɗan wasa ɗai-ɗai suke bi, me ya yi a shekaru uku ko huɗu da suka wuce, shekarunsa nawa, kuma masu irin wasansa a da ya suka ƙare da suka kai shekarunsa.

Akwai ma'auni da suke kira WAR, ma'anarsa wasa nawa ɗan wasa zai ƙara wa ƙungiyarsa ta ci idan aka kwatanta shi da ɗan cike gurbi da za a ɗauko daga ƙaramin rukuni. In ka cika ƙungiya da 'yan cike gurbi zalla lissafi ya ce za ta ci wasa kamar 48 cikin 162. Ɗan wasa na yau da kullum yana ƙara kamar 2, tauraro 5 ko 6, irinsu Aaron Judge a shekara mai kyau su kai 10. Sai a tara na kowa a ɗora kan 48 ɗin, daga nan kwamfuta ta buga kakar gaba ɗaya sau dubbai ta ga inda kowa ya fi yawan tsayawa.

Abin da ni nafi so ka koya wa abokan aikin naka shi ne su daina kallon yawan wasan da aka ci bara kaɗai, su duba maki nawa ƙungiya ta ci kuma nawa aka ci ta. A 2023 Miami Marlins sun ci wasa 84 har sun shiga gasar ƙarshen kaka, amma makin da aka ci su ya fi wanda suka ci yawa da sama da 50, kawai dai duk wasan da ya zo da ratar maki ɗaya sai ya faɗo musu. San Diego Padres kuma a shekarar sun fi abokan karawarsu da maki sama da 100 amma wasa 82 kacal suka ci don ƙananan wasannin nan sun ƙi su. Da shekara ta zagayo Marlins an doke su sau 100, Padres suka ci 93. Mai duba maki ya hango wannan tun Maris, mai duba teburi kawai bai gani ba.

TAMBAYA: Malam ni ɗan ƙwallon ƙafa ne gaskiya, besbol ɗin sabon shiga nake. Naga ana ta cewa Dodgers sun fi kowa, da na duba sai naga bara an doke su sau 69. Haba Malam, ƙungiyar da aka doke sau 69 ita ce gwana? — Ƙaninka daga Fagge, Kano

AMSA: Ƙanina tambayarka tayi kyau kuma duk wanda ya taso da Firimiya sai ya yi ta. Manchester City a kakar 2017/18 sun ci wasa 32 cikin 38, wato sama da kashi 80 cikin 100. A MLB ta zamanin nan babu wannan. Ƙungiyar da ta fi kowa cin wasa bara ita ce Milwaukee Brewers da 97 cikin 162, kaso 60 kenan, kuma mafi yawan da aka taɓa ci a kaka ɗaya shi ne 116, Chicago Cubs a 1906 da Seattle Mariners a 2001. Masu wasan ma suna da wata tsohuwar magana cewa kowa zai ci kashi ɗaya cikin uku, kowa za a doke shi kashi ɗaya cikin uku, ragowar kashi ɗayan shi ake kokawa a kai.

Dalili kuwa yana cikin ginin wasan. A ƙwallon ƙafa in kana da gwani zaka iya ba shi ƙwallo sau hamsin a wasa ɗaya. A nan masu duka 9 ne kuma layi ake bi, gwaninka sau huɗu ko biyar zai riƙe gora a dare, sauran lokacin da abokansa ke duka yana zaune yana kallo, ko da wasan na hannun na ƙarshe a layi ba damar a ce a kira shi. Kuma shi kansa gwanin yawanci faɗuwa yake, Judge ne ya fi kowa iya duka bara da .331, wato cikin duka goma kusan bakwai bai samu ba. Mai jifa kuma ba ya fita kullum, hannu ba zai ɗauka ba, sai bayan kwana biyar, don haka babban mai jifanka wasa 32 ko 33 zai fara a shekara, sauran 130 ɗin wasu ne. Ka duba Paul Skenes na Pittsburgh Pirates, bara shi ya ɗauki kyautar Cy Young ta gwanin masu jifa, matsakaicin makin da ake ci a hannunsa 1.97 ne a turmi 9, amma ƙungiyarsa wasa 71 ta ci. Wanda ya fi ba ni tausayi ma Los Angeles Angels ne, Mike Trout da Shohei Ohtani sun zauna tare shekara shida daga 2018 zuwa 2023, manyan 'yan wasan duniya biyu a ɗaki ɗaya, kuma ko sau ɗaya basu gama kaka da nasara ta fi rashin nasara yawa ba. A wasan nan sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, shi ya sa in zan auna ƙungiya a Maris ba na fara da tauraronta, ina fara da mai jifa na huɗu da na biyar da na shida da kuma wanda zai shigo in ɗayansu ya ji ciwo.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, jerin da aka yi bara a irin wannan lokacin ya ya ƙare? An dace ko an sha ƙasa? — Mai bibiyarku daga Damagaram

AMSA: Allah ya ja zamaninka Malam, wannan ita ce tambayar da na fi jin daɗinta. An dace a kai, an dace a wutsiya, tsakiya kuma an sha mamaki. Kowa ya sa Dodgers a ta ɗaya kuma su suka ɗauki kofi. Kowa ya sa Colorado Rockies da Chicago White Sox a ƙasa kuma haka aka yi, Rockies ma wasa 43 suka ci aka doke su 119, makin da aka ci su ya fi nasu da 424, abin ba kyan gani. Amma ko Dodgers ɗin ba yadda aka zata suka yi ba, bayan sun ƙaro Blake Snell da Roki Sasaki suka fara kaka da cin wasa 8 a jere har da biyun da suka yi da Cubs a Tokyo, mutane suka fara maganar za su karya tarihin 116, ƙarshe 93 suka ci saboda Snell da Tyler Glasnow da Sasaki duk sun yi doguwar jinya.

Atlanta Braves fa, da yawa bayan Dodgers su suka sa, ƙungiyar da ta ci 104 a 2023. Suka fara da shan kashi 7 a jere, aka dakatar da Jurickson Profar wasa 80 kan shan ƙwayar ƙara kuzari, kafin watan Yuli ya ƙare masu jifa biyar ɗin da suka fara kaka da su duk suna jinya, suka gama da 76. Baltimore Orioles haka, matasa masu jini a jika, 101 a 2023, 91 a 2024, bara suka fara da cin 15 da shan kashi 28 aka sallami kocinsu Brandon Hyde a watan Mayu, suka ƙare a ƙasan rukuninsu da 75. New York Mets kuma sun ba Juan Soto kwantiragin dala miliyan 765 na shekara 15, tsakiyar Yuni sun fi kowa a gasar da 45 da 24, daga nan masu jifansu suka fara gajiya abu ya riƙa zubewa a hankali har ranar ƙarshe aka rufe ƙofa suna waje da 83, Cincinnati Reds suka shige. In ka lura duk ukun nan ciwo ɗaya ne ya kama su, hannun masu jifa.

Sai ɗaya gefen. Toronto Blue Jays su ne na ƙarshe a rukuninsu a 2024 da 74, yawancin masu jeri tsakiya suka ajiye su, suka tashi da 94 suka je har World Series, wato zagayen ƙarshe na ɗaukar kofi. George Springer da aka ce ya tsufa ya tashi daga .220 zuwa .309 yana ɗan shekara 35. Sannan ga wani yaro Trey Yesavage wanda a watan Afrilu yana can ƙaramin rukuni na ƙasa-ƙasa a Dunedin, ya hau mataki-mataki cikin wata shida, a wasa na 5 na World Series ya fitar da masu dukan Dodgers 12. Wace kwamfuta ce zata ƙirga yaron da ko cikin ƙungiyar ba ya nan ranar da aka yi lissafin? Ga kuma kasuwar musayar 'yan wasa da ke rufewa wajen ƙarshen Yuli, ƙungiyar da ka auna a Maris ba ita ce zata shiga Satumba ba, wasu sun sayo wasu sun sayar.

Duk da haka ni ban yarda da masu cewa jerin banza ne ba. Yana gaya maka wa ke da kayan aiki, kuma in ka ɗauki goman farko na kowace shekara zaka samu da dama cikinsu a gasar ƙarshen kaka. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne gwiwar hannun wa zata tsinke. Gerrit Cole na Yankees ana cikin atisaye a Maris ɗin bara aka ce sai an masa aikin Tommy John, aikin da ake dasa jijiya a gwiwar hannu wanda likita Frank Jobe ya fara a 1974, jinyarsa shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, shikenan kaka ta tafi tun ba a fara ba.

TAMBAYA: Malam ƙungiyata tana ta cin wasannin share fage a Florida, ai Juma'ar da zata yi kyau tun daga Laraba ake ganewa ko? — Ɗalibi daga Zariya

AMSA: Ɗan'uwa a nan dai karin maganar bai hau ba. Wasannin da ake yi a Florida da Arizona, ƙungiya 15 a kowanne, motsa jiki ne, manya su buga turmi uku ko huɗu su tafi wanka, yaran da ba za ka sake jin sunansu ba bana su ƙarasa, mai jifa kuma yana iya yin wasa guda yana gwada sabon salon jifa ɗaya ko ana dukansa bai damu ba. Kar ka duba sakamako, ka duba wa ya fito lafiya kuma gudun ƙwallon masu jifanku ya ragu ko yana nan.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ina karatu a Toronto kuma har yanzu zuciyata bata huce ba daga abin da ya faru a watan Nuwamba. Malam ka faɗi gaskiya, ba kuɗi kawai Dodgers ke sawa suna sayen kofi ba? Kuma in kuɗi ne me ya sa ake wahalar jera ƙungiyoyi, a jera albashi mana. — 'Yar'uwarku daga Kanada

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu, kuma sannu, don na kalli wasan nan na 7 na World Series tsakanin Toronto da Dodgers kuma na san abin da kuka ji. Saura mutum biyu ku fitar ku ɗauki kofin da rabonku da shi tun 1993, Miguel Rojas wanda ba a san shi da hom ran ba ya doka ta fita a turmi na 9, aka yi kunnen doki aka shiga ƙarin turmi, Will Smith ya ƙara a na 11, aka tashi 5 da 4. A wasa bakwai ɗin Toronto ta ci maki 34 Dodgers 26, kuma kofi ya tafi Los Angeles.

Maganar kuɗi kuwa kina da gaskiya rabi. Besbol ba shi da iyakar albashi irin na gasar ƙwallon Amurka ta NFL ko ta ƙwallon kwando NBA, abin da ke akwai haraji ne ga wanda ya wuce wani layi, bana layin dala miliyan 244 ne, kuma Dodgers wucewa suke su biya ba tare da sun ji a jikinsu ba, a 2024 kaɗai harajin ya haura dala miliyan 100. Suna da yarjejeniyar talabijin ta sama da dala biliyan 8 ta shekara 25 da suka ƙulla a 2013. Ohtani da ya koma wajensu kwantiraginsa miliyan 700 ne amma miliyan 2 kawai yake karɓa a shekara, miliyan 680 sai daga 2034 za a fara biyansa, wannan ya ba su sararin ɗauko Yoshinobu Yamamoto akan miliyan 325. Abin da kuɗin ke saya musu shi ne ajiya, in mai jifa uku suka kwanta akwai wasu uku, ƙungiya irin Pirates in ɗaya ya kwanta shikenan.

Amma in albashi za a jera ya za ki yi da Mets na 2023 da suka kashe kuɗin da ba a taɓa kashewa ba suka ci 75? Ya za ki yi da Brewers da albashinsu bai kai rabin na Mets ko Dodgers ba, sun rabu da Josh Hader, sun rabu da Corbin Burnes, Willy Adames ya tafi, Devin Williams ya tafi, duk shekara a ce bana kam sun gama, bara suka ci 14 a jere a watan Agusta suka fi kowa a gasar? Ni wannan ƙungiyar ita ce ta fi nuna min inda masu jeri ke da makanta, basu iya auna ƙungiyar da ta iya tsaron fili da gudu da gyara masu jifan da wasu suka yar. Rigimar kuɗin dai tana nan tafe, yarjejeniyar masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa zata ƙare 1 ga Disamba 2026, masu ƙungiyoyi da dama na son a sa iyakar albashi 'yan wasa kuma sun daɗe da cewa a'a, irin wannan taƙaddamar ce ta jawo yajin aikin 1994 har ba a buga World Series ba a shekarar.

TAMBAYA: To Malam in Brewers sun fi kowa cin wasa me ya hana su kofin? — Daga Garwa, Kamaru

AMSA: Saboda wasan wata shida daban na Oktoba daban, ɗan'uwa. Ƙungiya 12 ke shiga tun 2022, zagayen farko wanda ya riga cin 2 cikin 3, na biyu 3 cikin 5, sauran biyun 4 cikin 7. A nan yawa ba ya aiki sosai, akwai ranakun hutu, don haka masu jifanka uku ko huɗu na sama su za su yi ta fita. Brewers sun haɗu da Dodgers sau 6 a cikin kaka sun cinye duka 6, da aka zo Oktoba Snell da Yamamoto da Glasnow da Ohtani duk suna tsaye lafiya, aka yi musu 4 da nema, maki ɗai-ɗai suka ci a kowane wasa. A na huɗun Ohtani ya yi jifa turmi 6 ba a ci shi ba, ya fitar da mutum 10, ya kuma doka hom ran 3 shi kaɗai. Su Dodgers ɗin ma sun ɗanɗana, a 2022 sun ci 111 Padres suka kore su a wasa huɗu. Mariners masu 116 basu kai World Series ba, St. Louis Cardinals kuma da 83 suka ɗauka a 2006. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

TAMBAYA: Mun ji na ESPN mun ji na kwamfuta, kai naka jerin fa Malam? Kar ka kauce. — Abokai daga majalisar shayi, Sakkwato

AMSA: Ba zan kauce ba jama'a, a sha shayi lafiya. Dodgers ce ta ɗaya kuma ba na jin akwai musu, sun riƙe kofi biyu a jere, abin da ba wanda ya yi tun Yankees na 1998 zuwa 2000, inda suka fi rauni bara wato masu rufe wasa sun ɗauko Edwin Díaz daga Mets, suka ƙara da Kyle Tucker akan miliyan 240 na shekara 4. Abin da nake jiye musu shekaru ne, Freddie Freeman ya haura 36, Mookie Betts da Max Muncy ma ba yara ba ne, Clayton Kershaw ya yi ritaya, kuma Yamamoto ya sha aiki a Oktoba, mutumin da ya yi jifa 96 a wasa na 6 ya dawo washegari ya rufe na 7, irin wannan gajiyar takan biyo mutum shekara mai zuwa.

Ta biyu Toronto zan sa, sun rasa Bo Bichette da ya koma Mets amma sun ɗauko Dylan Cease akan miliyan 210, Vladimir Guerrero Jr. na nan daram, Yesavage kuma zai yi cikakkiyar kaka. Ta uku Mariners, kuma na san wasu za su ce na yi son kai, amma ku duba masu jifansu, Logan Gilbert, George Kirby, Bryan Woo, Luis Castillo, Bryce Miller, ga Cal Raleigh da ya doka hom ran 60 ga Julio Rodríguez, wasa ɗaya ya raba su da World Series bara kuma su kaɗai ne a ƙungiyoyi 30 basu taɓa zuwa ba, ina so in ga ranar. Ba na tsammanin Raleigh zai sake 60, ko 40 ya yi ya isa. Yankees ta huɗu, sun ci 94 ba Cole, in ya dawo da ƙarfinsa ya haɗu da Max Fried sai su haura. Philadelphia Phillies ta biyar, sun riƙe Kyle Schwarber mai hom ran 56 amma su ma tsufa na bin su kuma komai ya rataya kan yadda Zack Wheeler zai dawo bayan aikin da aka masa. Brewers ba zan sake sa su ƙasa da ta shida ko bakwai ba ko wa suka sayar. Wadda nake ganin zata tashi daga inda ta faɗi ita ce Orioles tunda sun kawo Pete Alonso, sai Braves in masu jifansu sun samu lafiya. Rockies na nan a ta 30.

TAMBAYA: Ƙarfe nawa ake buga wasannin a agogonmu? Ina so in fara kallo. — Ƙanwarka daga Kaduna

AMSA: Madalla ƙanwata. A lokacin kaka New York na bayan Najeriya da Nijar da awa 5, wasan ƙarfe 7 na yamma a can 12 na dare ne a nan, na Los Angeles kuma awa 8 ne, sai 3 na dare ya fara ya ƙare wajen asuba, tunda aka sa agogon jifa a 2023 wasa ya dawo kamar awa biyu da minti 40. Ki fara da na ranar Lahadi, yawanci da rana suke yi, ƙarfe 1 a gabashin Amurka 6 na yamma kenan a Kaduna, mutanen Gana kuma ƙarfe 5. Ki zaɓi ƙungiya ɗaya ki bi ta sati biyu kina kallon mai jifa da mai taren da ke tsugune bayan mai duka, a nan wasan yake.

Masu tambaya akan besbol ɗin Japan da na Koriya na ga saƙonninku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.